Idan Zazzaɓi Ya Sauka Amma Numfashi Bai Sauka Ba

A gidajenmu bayan hannu shi ne ma'aunin ciwo. Uwa ta ɗora shi a goshin ɗanta, miji ya taɓa wuyan matarsa. In aka ji zafi rau sai hankali ya tashi, in aka ji jiki ya huce sai a ce alhamdu lillahi, zazzaɓi ya sauka, kowa ya nemi makwanci. Sau da yawa hukuncin daidai ne, don yawancin zazzaɓi zuwa yake ya wuce. Amma akwai marasa lafiyar da hucewar jikinsu ba sauƙi ba ce, ƙarfi ne ya fara ƙarewa. Da za a ɗauke hannu daga goshi a zuba ido a kan ƙirji, da an ga yana hawa da sauka da saurin da bai yi da rana ba.

Likitoci suna kiran wannan hali sefsis. Ba wata cuta ce guda da ake ɗauka daga wani ba, makoma ce da cututtuka da yawa kan kai mutum. Ƙwayar cuta ta shiga huhu, ko hanji, ko mafitsara, ko mahaifar da ta haihu shekaranjiya, ko gyambon ƙafa. Garkuwar jiki ta tashi haiƙan, sai martanin ya wuce gona da iri ya koma lalata sassan jikin da ya zo karewa. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2020 ta nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar. Kimanin miliyan 20 daga cikin waɗanda abin ya kama yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda ya fi muni. Bai bar masu hali ba: shi ne ajalin ɗan damben nan Muhammad Ali a watan Yunin 2016, a asibitin Amurka da babu abin da ya rasa.

A Jama'are da sauran shiyyar Katagum ta jihar Bauchi kowane yanayi da irin ciwonsa. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, kuma wanda ya ga kwalarar 2021 bai manta cewa Bauchi na sahun gaba a jihohin da ta yi wa ɓarna ba. Hunturu ya zo wa yara da tsofaffi da ciwon haƙarƙari. Bazara ta zo da sanƙarau da ƙyanda. Da mashaƙo ya ɓarke a Arewa a 2023, Jama'are na cikin ƙananan hukumomin Bauchi da ya shiga. Ga kuma waɗanda ba ruwansu da yanayi: taifot da ke huda hanji, maijego, jariri sabon haihuwa, mai ciwon suga da ƙaya ta soke shi a gona, ɗan sikila da saifarsa ta daina aiki tun yana ƙarami. Cututtukan sun bambanta, amma in sun yi nisa alamomi kusan iri ɗaya suke bayarwa. Ba sai ka san sunan cutar ba kafin ka gane an shiga haɗari.

Daga Jama'are zuwa Azare kimanin kilomita 30 ne a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. A Azare ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, wadda ta zama asibitin koyarwa na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. A mota tafiyar rabin awa ce. Amma mutumin Dogon Jeji ko Hanafari ko Galdimari ko Jurara sai ya fara da kemis ko asibitin sha-ka-tafi, daga nan babban asibitin Jama'are, sannan Azare, kuma tsakanin kowane mataki akwai neman mota, da neman kuɗin motar, da jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ce a tafi. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke wannan babbar hanya ɗungurungum a yankin Katagum. Rabin awa takan koma rabin yini. Don haka alamar da za ta amfane mu ita ce wadda ke zuwa da wuri, tun mara lafiya na iya jure hanya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan garkuwar jiki ta harzuƙa, jijiyoyin jini sukan saki su buɗe, su kuma riƙa yoyon ruwa cikin tsoka. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai zuciya ta rama da sauri: tunda abin da kowane bugu ke turawa ya yi kaɗan, sai ta yawaita bugun. Sassan jikin da ke cikin takura suna fitar da wani tsami da ke taruwa a jini, kuma hanyar gaggawa da jiki ke da ita ta rage tsamin nan ita ce huhu, shi ya sa numfashi kan ƙara sauri ko da huhun lafiyarsa lau. Daga nan jiki ya shiga rabon abin da ya rage, ya janye jini daga fata da hanji da ƙoda ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ƙafe. Duk wannan fafutuka manufarta ɗaya ce, a riƙe ƙarfin jini a inda yake. Wannan ne dalilin da ya sa awon bifi, wato awon ƙarfin jinin nan, kan fito daidai na tsawon sa'o'i alhali mutum na cikin haɗari, musamman yaro da saurayi majiyin ƙarfi. Lokacin da bifi ya faɗi, dabarun jikin ne suka ƙare.

To abu biyun da muka fi yarda da su, zafin jiki a gida da bifi a asibiti, su ne mafi ƙarancin taimako a farkon lamari. Bifi yana makara. Zafin jiki kuwa ƙwayar farasitamol biyu sun isa su saukar da shi na wasu sa'o'i ba tare da sun taɓa ƙwayar cutar ba. Tsoho, da jariri, da yaron da tamowa ta ci jikinsa, sau da yawa ba sa ma iya yin zazzaɓin. Wanda ƙwayar cuta ta mamaye jikinsa kuma zafinsa ya yi ƙasa da digiri 36 ya fi mai digiri 39 kusa da halaka.

Numfashi shi ne alamar da ta fi saurin canzawa, ita ce ta fi arha, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Baligi mai lafiya da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai zazzaɓi da ya kai 22 ya cancanci a sa masa ido, wanda ya haura 25 yana buƙatar likita a lokacin, ba gobe da safe ba. Yara nasu ya fi sauri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tsayar da iyakokin da ake koya wa ma'aikatan asibitocin karkara: jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye; daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Lambobi uku ne kacal, kuma babu uwar da za ta kasa riƙe su.

Ƙirgawar ba ta buƙatar komai sai agogo, kuma kowace ƙaramar waya tana da shi. A bari yaro ya natsu a cinyar uwarsa, don in yana kuka lissafin ya ɓaci. A ɗaga rigarsa, a zuba ido a wuri ɗaya tsakanin ciki da ƙirji, kowane hawa da sauka a ƙirga shi ɗaya, har minti ya cika cur, saboda numfashin jarirai yana gudu yana tsayawa, wanda ya ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka zai yi kuskure. A lura kuma ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki a lokacin da yaron ke jan iska, ko hancinsa na buɗewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko yana ja da zurfi duk da ƙirjin babu tari. Babba kuwa in ya san ana ƙirga masa sai ya gyara numfashin ba da saninsa ba, don haka ƙwararrun nas sukan riƙe wuyan hannu kamar bugun jini suke ji, idonsu na kan ƙirji. Duk da wannan sauƙi, a duba takardun gefen gado a asibitoci da yawa, za a ga layin numfashi 20, 20, 20 tun daga safe har dare. Ba a Najeriya kaɗai ba, a Ingila da Amurka ma an sha kokawa a kai. Dalilin a fili yake: sauran awon duk na'ura ce ke bayarwa, wannan kuwa sai mutum ya tsaya cak na minti guda, kuma nas ɗaya da ke riƙe da gadaje masu yawa cikin dare tana ganin minti ɗaya a matsayin abu mai tsada. Ban ɗora mata laifi ba. Amma lambar da aka rubuta ba tare da an ƙirga ba ta fi gurbin da aka bari babu komai illa, domin likitan da ya zo zagaye zai karanta ta ya wuce da kwanciyar hankali.

Bugun jini na baligi 60 zuwa 100 ne a minti. Zazzaɓi kansa yakan ƙara kimanin bugu goma a kan kowane digiri ɗaya, don haka saurin bugu ga mai jiki zafi ba abin mamaki ba ne. Abin tsoro shi ne zafi ya sauka bugun ya ƙi sauka, ko ya zama siriri har sai an lalube shi. Akwai wata dabara da masu aikin gaggawa ke amfani da ita ga manya: in yawan bugun zuciya ya haura lambar sama ta bifi, misali bugu 115 bifi kuma 105, to jiki ya fara gazawa ko da kowace lamba ita kaɗai ba ta firgita kowa ba. Sai a tuna da dattijon da ya saba da hawan jini. Wanda kullum nasa 160 ne, in aka auna aka ga 110 ba warkewa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Wasu magungunan hawan jini kuma, irin su atenolol, suna hana zuciya sauri, sai su ɓoye alamar gaba ɗaya. Dole a gaya wa likita abin da mara lafiya ke sha.

Sai hankali, kuma a nan ne muka fi yin asara. Tsoho ya fara sambatu, yana kiran ƙanensa da ya rasu tun tuni. Matar da ke hira da la'asar ta koma barcin da sai an girgiza ta take buɗe ido. Yaron da aka yi wa allura bai ko motsa ba, sai a yaba masa a ce jarumi ne. A gidaje da yawa irin wannan sauyi ana danganta shi da iska ko sammu, a aika a kira malam. Ni ban ga saɓani tsakanin addu'a da ƙirga numfashi ba, ana iya yin ruƙiya a cikin motar da ta kama hanyar asibiti. Abin da nake roƙo shi ne a san cewa mai zazzaɓi da hankalinsa ya gushe, ƙwaƙwalwarsa ce jini bai ishe ta ba, ko sukarin jininsa ya faɗi, ko sanƙarau ne, ko zazzaɓin cizon sauro ya hau kai, kuma ko wanne daga ciki ba ya jiran wayewar gari. Kada a yi wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ɗura, ko ta rubutu ko ta kunu, don huhu take wucewa. In yaro ne, a jiƙa ɗan sukari a sa masa ƙarƙashin harshe, a kwantar da shi ta gefe, a tafi.

Fitsari babu wanda ya san labarinsa kamar mai jinya. Babban da ya wuni bai yi ba, ko yaron da aka ɗauki sa'o'i shida zuwa takwas zanensa a bushe, ƙodarsa ce ke ba da labari. Haka fata: a danna farce har ya yi fari, a saki, a ƙirga. In jan ya ɗauki fiye da daƙiƙa uku kafin ya dawo, ga tafin hannu sanyi ƙalau, ga bugu siriri mai sauri, wannan shi ne abin da ake koya wa ma'aikatan gaggawa su gane a matsayin durƙushewar jini ga yara. Lalle yana rufe farce, sai a nemi yatsan da bai sha ba. Kada a raina wannan gwaji don babu na'ura a cikinsa. A 2019 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Kudancin Amurka inda aka kwatanta shi da gwajin jini na tsamin nan da na ambata, wajen jagorantar magani, kuma danna farcen bai gaza ba.

Duk waɗannan lambobi ba su da cikakken amfani in sau ɗaya aka ɗauke su. Manomin da ke da gona a bakin kogin Jama'are, wanda ruwansa ke gangarowa tun daga tsaunukan Jos, ba zurfin ruwa ne damuwarsa ba, yana duba inda ruwan ya tsaya jiya da inda ya kai yau. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 25 da ya kwana goma yana fama da taifot. Da la'asar zafinsa 39, numfashi 20, bugu 96, bifi 120. Bayan isha'i zafi ya sauko 37.5, numfashi 26, bugu 118, bifi 110, yana cewa cikinsa ya ɗaure. Wanda ya dubi zafi da bifi kaɗai zai ce an samu sauƙi, shi ma mara lafiyar in ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, don haka aka tarbiyyantar da mu. Wanda ya jera awon biyu kusa da juna zai ga mutumin da wataƙila hanjinsa ya huje, wanda ya kamata a ce yana hanyar ɗakin tiyata. Ƙarfe biyun dare, lokacin da bifi zai nuna 90 kowa ya rikice, tafiyar ta riga ta yi masa nauyi.

Masana sun yi ta ƙoƙarin tattara alamomin nan su zama maki guda. A 2012 ƙungiyar manyan likitocin Landan ta fitar da wani jadawali da ke ba kowane awo maki, in jimillar ta kai wani adadi dole a kira babban likita. An sabunta shi a 2017. A 2016, da aka sake fasalta ma'anar sefsis, aka kawo gajeren ma'auni mai abu uku: numfashi 22 ko fiye, bifi 100 ko ƙasa, da sauyin hankali, in biyu suka haɗu akwai haɗari. Ya yi farin jini saboda sauƙinsa, amma ƙa'idojin duniya na 2021 sun ce kada a dogara da shi shi kaɗai, domin yakan bar mutane da yawa su wuce ba a gano su ba. A 2017 kuma wasu masu bincike suka gina wani ma'auni daga bayanan marasa lafiya na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, saboda na farkon duka daga asibitocin masu arziki aka samo su. A ganina muhawarar wanne ya fi ba ita ce matsalar Jama'are ba. Kowanne aka ɗauka zai yi aiki in an cika sharuɗɗa biyu: a sake awon bayan 'yan sa'o'i, har da tsakar dare, kuma wanda ya ga lamba ta tashi ya san wanda zai kira, wanda aka kira kuma ya zo.

Tun bayan korona, wadda a watan Mayun 2020 ta sa aka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki, mutane suka saba ganin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini. Tana da amfani ƙwarai, in ta nuna ƙasa da 90 mara lafiya na buƙatar oksijin. Sai dai wani bincike na Jami'ar Mishigan da aka buga a ƙarshen 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi ga farar fata. Yatsa mai sanyi da baƙin lalle da jan farce su ma suna rikita ta. In na'ura ta ce 95 amma mutum na numfashi 32, a yarda da ƙirjin.

Maijego sha'aninta daban ne. Kwanakin farko bayan haihuwa kowa ya san akwai gajiya da ciwon mara, kuma ga wankan ruwan zafi safe da yamma, wanda shi kansa ke ɗaga zafin jiki da bugun zuciya na ɗan lokaci, don haka ba a awo sai ta huta. Amma in ta huta bugun bai sauko ƙasa da 100 ba, ga rawar sanyi, ga jinin biƙi ya canza wari, ga mara ba ta taɓuwa, to mahaifa ce ta kamu. Akwai kuma wani abin da ke kama da shi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka bayyana yawan gazawar zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a gadon wuta. Ita ma wannan haki take, zuciyarta na gudu, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya rigingine. Mutanen gida ba za su iya rarrabewa ba, kuma ba sai sun rarrabe ba, duka biyun na asibiti ne a ranar. Abin da ba a so shi ne a kira wani ya ɗaura mata ƙarin ruwa a ɗaki, domin ruwan da zai taimaki ta farko zai iya shaƙe ta biyu.

Jariri kuwa da wuya ya yi zazzaɓi irin na manya. Alamarsa ta farko ƙin mama ce, bayan da yana kamawa. Sai rashin motsi sai an taɓa shi, numfashi 60 ko fiye, taune-taune, jiki ya kai digiri 38 ko ya yi ƙasa da 35.5. Ɗaya daga ciki ta isa. Sau da yawa ta cibiya cutar ke shiga, shi ya sa Bauchi da Sakkwato suka riga sauran jihohi karɓar man kloheksidin na shafa wa cibiya, maimakon gasa ta da tsumma ko shafa man goge baki.

Gane alama rabin aiki ne, kuma abin da ake yi bayan ganewa shi ma yana da nasa rikicin. Mutanenmu suna ƙaunar ƙarin ruwa, har wani kan ga ba a duba shi ba in ba a ɗaura masa ba. An daɗe ana koyar da likitoci cewa a kwarara wa mai sefsis ruwa da sauri. Sai a 2011 aka buga sakamakon wani babban gwaji a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya nuna waɗanda aka kwarara wa ruwan sun fi mutuwa cikin kwana biyu, kashi 10.5 cikin ɗari, a kan kashi 7.3 na waɗanda aka ba su a hankali. A 2017 wani gwaji a kan manya a Lusaka ta ƙasar Zambiya ya nuna makamancin haka. Wannan bai shafi mai kwalara ko gudawa mai tsanani ba, shi ruwa ya zubar, kuma mayar masa da sauri ne ke ceton ransa. Darasin da ya shafe mu shi ne ruwa magani ne mai ƙa'ida, kuma abin da ke nuna ya isa ko ya yi yawa alamomin nan ne dai. In ruwa na shiga bugu na sauka, hankali na dawowa, fitsari ya zo, ana kan hanya. In ruwa na shiga numfashi na ƙara sauri, a tsayar a kira likita.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa gaggawa yake so. Ƙa'idojin 2021 sun ce wanda jininsa ya durƙushe a ba shi cikin awa ɗaya. A wurinmu ma'anar wannan ita ce a yi allurar farko a inda aka fara ganin mara lafiya, kafin a sa shi a mota, kuma a rubuta a takardar turawa abin da aka ba shi, da ƙarfe nawa, da lambobin da aka auna, don wanda zai karɓe shi a Azare ya samu abin kwatantawa. Gwajin maleriya da ya nuna akwai ba ya nufin ita kaɗai ce. A damina yara da yawa na ɗauke da ita a jini, kuma ana samun wata ƙwayar cutar tare da ita. Gaggawar nan ta mai alamun haɗari ce. Kafso biyu-uku da ake saya a kemis don kowane mura su ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma wani bincike na ƙasashe da dama a kan jarirai, wanda asibitin Murtala na Kano ke ciki, ya nuna ƙwayoyi da yawa sun daina jin magungunan da aka saba farawa da su.

Asibitocinmu ba su da na'urar da ke kuka a kan kowane gado, amma kowane gado yana da mai jinya zaune a gefensa dare da rana, kuma ita ce ta san yadda mara lafiyar yake jiya. A halin yanzu aikinta sayo magani da wanke kwano. Da za a ɗauki minti biyar ranar kwantarwa a nuna mata yadda ake ƙirga numfashi, a ba ta takarda da biro ko a ce ta riƙe a ka, a gaya mata lambar da in an kai ta taso kowa, da an samu ido a kan kowane gado ba tare da an ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. Akwai bambanci tsakanin "Sista, jikin Baba fa ya ƙi" da "Sista, don Allah zo ki duba Baba, da la'asar numfashinsa 20, yanzu 28, kuma tun azahar bai yi fitsari ba." Ta farko za a ce mata ana zuwa. Ta biyu babu ma'aikaciyar kirki da za ta ji ta ci gaba da zama. Wasu ma'aikata na tsoron za a dame su da kiraye-kirayen banza, kuma za a samu irin haka, amma wanda aka ba lamba ya fi wanda aka bari da fargaba kawai sanin lokacin kira. A Ingila sai da wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu da sefsis a 2021 bayan iyayenta sun yi ta nuna damuwa ba a saurare su ba, sannan aka fara aiki a 2024 da tsarin da ya ba dangi damar neman wata tawagar likitoci ta sake duba mara lafiya nan take. Mu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa, kuma ya kamata mai jinya ta san da haka.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Wani bincike a kan yara marasa lafiya a ƙasashen Afirka da Kudancin Asiya, da aka buga a 2022, ya gano kusan rabin waɗanda suka rasu bayan an sallame su ne suka rasu, cikin wata shida, kuma masu tamowa sun fi shiga ciki. Mashaƙo ma haka yake: maƙogwaro na iya warkewa, sai bayan mako ɗaya ko biyu gubar cutar ta taɓa zuciya, bugu ya yi sauri ko ya yi jinkiri ko ya riƙa tsallake, yaro ya yi laushi yana amai. Don haka ranar sallama ya kamata a gaya wa iyaye lambar numfashin yaronsu da bugunsa a wannan rana, a ce su ci gaba da ƙirgawa a gida safe da yamma na wasu makonni, in lambar ta tashi ko ya ƙi abinci su dawo da shi ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.